Daren Da Na Gano Kogin Da Babu Shi A Taswira

Dogon hutun nan mutane na gida suna miƙe ƙafa, mu kuwa 'yan ajin ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa aka kwashe mu sai fili, wai mu taɓa aikin da hannu, tunda mun haddace dokar Darcy ta 1856, wadda ke bayanin yadda ruwa ke ratsa yashi, har cikin barci muna iya kawo ta amma rabinmu ba mu taɓa leƙa cikin rijiyar burtsatse ba.

Rukuninmu gwajin famfo aka ba mu. A baki abin ba wuya: famfo zai yi ta jan ruwa daga rijiya ɗaya da ƙarfi iri ɗaya awa 24 cur, kai kuma kana tsugune bakin wata siririyar rijiya a gefe kana auna yadda ruwan ke sauka. Ma'aunin wani tef ne mai ƙarfe a baki, ka zura a hankali, da ya taɓa ruwa sai ya yi tiiit, ka karanta ka rubuta. Da farko duk rabin minti ake aunawa don lokacin ruwan ke faɗuwa da gudu, mai agogo na ihu "yanzu! yanzu!" hannunka na rawa, can daga baya sai ya koma awa-awa. Da lambobin nan ake lissafin Theis na 1935 a gane yadda yashin ƙasan ke barin ruwa ya ratsa da yawan abin da ya riƙe.

Gadin dare ya faɗo kaina, ni da wani abokina da ko ƙarar janareta ba ta rufe minsharinsa.

Tiyon da ke zubar da ruwan Malam ya sa an ja shi can nesa sosai, ya ma yi dogon bayani a kai, lokacin ni hankalina na kan neman inuwa. To cikin dare mahaɗar tiyon nan ta fara feshi, kuma daidai kan shimfiɗata ta zaɓa. Na matsa ta biyo ni. Kawai na kwance mahaɗar na karkata bakin tiyon cikin wani ɗan kwari nan kusa, na koma na zauna abina a bushe ina yaba wa kaina dabara.

Can dare ya raba sai na ga ruwan rijiyar da nake aunawa ya daina sauka. Na sake aunawa, nan yake. Awa ta zagayo, kai har ya ɗan hau! Sai karatun aji ya faɗo min, an ce idan jan famfo ya isa wani kogi ko tafki layin jadawalin saukar ruwan yakan kwanta, wato ruwan ya daina sauka, saboda ruwa na shigowa daga can. Na haska taswira da tocila, babu kogi ko na magani. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Na girgiza abokina na ce tashi ɗan'uwa mun gano ɓoyayyen kogi, ya ce in gaishe shi, ya juya.

Da safe Malam ya daɗe yana kallon takardata ya ce "Ikon Allah, wa zai fassara mana wannan?" Kafin ya rufe baki hannuna na sama. Na yi jawabi har da zane a ƙasa da tsinke, ya bar ni na kai ƙarshe tas bai katse ni ba, sannan ya ce "Madalla, mu je ka nuna mana kogin."

Bai ma tambayi hanya ba, tiyo kawai ya bi, aji guda na biye da shi. Sai ga kogina, kududdufi har kwaɗi sun tare. Ashe yashin wurin ba shi da rufin yumɓu a sama, duk ruwan da famfo ya fitar yana nutsewa ya koma inda ya fito, tun tsakar dare ruwa ɗaya muke ta juyawa muna ƙona mai.

Gwaji dai sai sabo, kuma ba a farawa sai ruwan ya koma daidai inda yake tun farko, haka muka zauna zugum 'yan rukuni na aiko min da harara. Da aka zo rabon aiki na ce Malam ko a ba ni agogo wannan karon, ya ce "A'a Mai Kogi, kai ne ka fi kowa sanin tiyo, ɗauki ka ja."