Ƙurji Ɗaya, Likitoci Unguwa Guda

Saura wata uku bikin ƙanwata na wayi gari da ƙurji a haɓa, ya yi kai, ya zauna daram kamar ya biya haya. Ni da na haura talatin! Da na ɗauka kurajen fuska na 'yan balaga ne kaɗai.

A Sharar Mansur ta Makka ba a rasa likita, kowane gida da nasa. Goggo ta ce lemun tsami. Maƙwabciyata ta ce man goge baki. Da yake ba na raina shawara, na haɗa duka biyun. Ranar a gaban mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na kwana ina fifita da murfin tukunya. Da safe ƙurjin na nan, har ya gayyato dangi. Na matse biyu don huce haushi, suka tafi suka bar mini baƙin tabo abin tunawa.

Sai aka kai ni wurin wata Hajiya mai haɗin mai, riyal 50 kwalba, babu suna babu takarda. Kwana goma fuskata ta yi sumul, har na fara ba wasu shawara. Mako na uku ƙananan kuraje suka feso kamar an watsa gero.

Dole na nufi saidaliyya, wato shagon sayar da magani. Mai maganin ya shinshina kwalbar ya girgiza kai, ya ce irin wannan haɗin yawanci da kortizon a ciki, yana lallashin fata da fari sannan ya tayar da kuraje. Ya ce maiƙo da matacciyar fata ke toshe ƙofofin gashi, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, ga zufar Makka da gogar niƙabi suna ƙara wa wuta fetur. Ya ba ni benzoyl peroxide, ya ce a shafa kaɗan, a wanke fuska sau biyu a rana ba tare da dirza ba, a riƙa sauya niƙabi, a bar matsa, a yi haƙurin mako 6 zuwa 8. Ya ƙara wata magana kan tufafi, amma lokacin ina can ina ƙirga makonni da yatsu.

Ashe maganin na cin launin yadi. Baƙin niƙabina ya yi tambari ruwan goro daidai haɓa, na yini ina yawo da shi, babu wanda ya gaya mini. Tawul ɗin Baban Ummi shuɗi ya koma kamar taswira.

Ranar biki dai fuska ta lafa, sauran tabon hoda ta rufe. Goggo ta bi mata ɗaya bayan ɗaya tana cewa aikin lemun tsaminta ne. Shi kuwa Baban Ummi har yau omo yake zargi, ya sauya iri uku, ni kuma nake raka shi saye.