Mun sha dariyar Ibro, amma muna yi masa addu'a kuwa?

Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya da yamma ina cikin adaidaita daga Kantin Kwari zuwa Kabuga, wani matashi a gefena ya kunna tsohon bidiyon marigayi Rabilu Musa Ibro a wayarsa, duk muka kwashe da dariya har da direban, sai da na sauka abin ya faɗo min a rai, mu huɗu a ciki babu wanda ya ce Allah ya jiƙansa, ni ma ban ce ba.

Wallahi na kwana da abin. Bawan Allahn nan ɗan Danlasan ne can ta Warawa, aikin gandiroba ya fara yi kafin ya koma wasan kwaikwayo, kuma gida nawa ne a Kanon nan aka wuni da ɓacin rai da daddare aka sa kaset ɗinsa aka ware? Ya rasu a Disambar 2014 bayan jinyar ciwon ƙoda, ko 45 bai kai ba. Yau sama da shekara 10 yana kwance a kabari mu kuma muna ta tura shi a WhatsApp da TikTok, dariyarmu ba ta ƙara masa komai a can, addu'a ce ke riskarsa. Haka Samanja, Usman Baba Pategi, tsohon sojan nan da ake cika gidan mai talabijin don kallonsa, shi ma ya tafi a Nuwambar 2023.

Abin da ya fi min ciwo, masu cewa ai ɗan wasa ne, wai ya ɓata rayuwarsa. Malam kai ne za ka yi masa hisabi? Manzon Allah (SAW) ya hana mu zagin matattu domin sun riga sun tarar da abin da suka gabatar, hadisin yana cikin Bukhari. In akwai kuskure a aikinsa, ai wannan ne ma dalilin da za ka nema masa gafara, ba ka sha dariyarsa da dare ka zage shi da safe ba.

Dan Allah duk sanda bidiyonsa ya faɗo maka, kafin ka tura wa wani ka tsaya ka ce Allah ya gafarta masa.

Allah ya jiƙan Ibro da Samanja, ya haskaka kabarinsu, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya.