Eriya na nan tsaye, kiran 18 bai shiga ba

A watan Nuwamba na 2024 aka zauna a Yamai aka sa hannu kan yarjejeniyar sauke kuɗin romin, wato ƙarin kuɗin amfani da layinka a wata ƙasa, tsakanin Nijar, Mali da Burkina Faso. Har yau ana tafa mata, ni ma na tafa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mun share wa mai zuwa Bamako da Wagadugu hanya, mun bar wanda motarsa ta kife tsakanin Tawa da Abalak yana ɗaga salula sama yana neman rezo.

Da idona na gani a damanar bara. Taya ta fashe wa wata motar haya a gabanmu, ta wuntsila gefen titi. Mu huɗu muka sauka, kowa da salularsa, babu mai sandar rezo ko ɗaya, sai rubutun nan na Faransanci da ke cewa kiran gaggawa kaɗai. Ma'anar rubutun ita ce akwai eriya kusa, amma ta wani kamfani ce, ba ta naka ba. Na danna 18, lambar ƴan kwana-kwana, shiru. Na danna 17, ta ƴan sanda, shiru. Wata dattijuwa, kan jikanta bisa cinyarta, sai cewa take yi, "Ɗana, ƙara gwadawa." Sai da wani yaro ya biyo a kan moto da layin da ke kamawa a wurin, sannan aka samu jandarma.

Babu tsafi a cikin lamarin. Salula ta san 112 da 911, lambobin gaggawa na Turai da Amurka, tun daga masana'anta. Lambobinmu kuwa, 15 ta motar asibiti da 17 da 18, sai an koya mata ta katin layi ko ta rezo kafin ta ɗauke su na gaggawa. Ko ta gane, sai mai eriyar ya yarda ya karɓi kiran baƙo ya miƙa shi inda ya dace. Aikin saiti ne da umarni, ba a bukatar sabon ƙarfe.

To, a nan masu kare kamfanoni ke tashi da hujjar da ta ishe ni. Wai mutum ya kafa eriya a daji, yana zuba gazuwal a injin, yana biyan mai gadi, don me zai ɗauki kiran wanda ke sayen kiredi wurin abokin gasarsa? Don iskar da eriyar ke amfani da ita ba gadon gidansu ba ce. Ta ƙasa ce, lasisi aka ba su, kuma lasisi da sharaɗi yake zuwa. Kullum waɗannan kamfanoni suna miƙa wa juna kiran hira da na gaisuwar suna, suna lissafin kuɗin haɗin layi har zuwa daƙiƙa. Sai kiran minti biyu na wanda jini ke zuba ne zai karya su? Kunya ma ta isa ta hana a faɗi wannan a bainar jama'a.

Masu cewa a bar kamfanoni su sasanta tsakaninsu, kura suke ba ajiyar nama. Masu tsoron yara za su cika layi da wasa kuwa, su dubi Jamus: tun 2009 ta toshe kiran 112 daga salular da babu kati a ciki, amma mai kati yana shiga ta kowace eriya. A shekarar ce Ingila ta buɗe wa lambarta ta gaggawa, 999, ƙofar shiga ta kowace eriya. A Amurka, uwar jari-hujja, dole kamfani ya ɗauki kiran 911 ko mai kiran bai taɓa ba shi sisi ba.

Kamfanoni huɗu kacal gare mu: Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecoms. Tebur guda ya ishe su. ARCEP, hukumar da ke kula da sadarwa, ta kira su, ta ɗaure su da ƙa'ida ɗaya, ta yanka wa'adi, ta sa tara mai zafi. In akwai ƙa'idar a rubuce, a fito da ita daga durowa. Sannan kada a amshi rahoton da aka rubuta cikin sanyin ofis a Yamai. A ɗauki salula huɗu, a hau hanyar Abalak, a tsaya inda rezo ke yankewa, a danna 18 a gaban ƴan jarida.