Likita da ɗaukar laifi, hukuma da riƙe makullin kwamfuta

Tun da Firaministan Birtaniya Keir Starmer ya sanar a watan Maris na 2025 cewa za a rushe NHS England, hukumar da ke tafiyar da tsarin lafiya na gwamnati (NHS) a Ingila, aka kuma umarci hukumomin lafiya na yankuna su zabge rabin kuɗin gudanarwarsu, surutun duk bai wuce na yawan waɗanda za su rasa aiki ba. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne: kwamfutar da ke kan teburin likitan unguwa, wa zai gyara ta gobe?

Domin ba tasa ba ce. Tun kafuwar NHS a 1948 likitan unguwa a Ingila ɗan kwangila ne, shi ke biyan ma'aikatansa, shi ke ɗawainiyar gini. Sai kwangilar 2004 ta zo ta ce hukumar lafiya ta yanki za ta sayi kwamfutocin, ta kula da su, ta kuma mallake su. Likitoci suka yi murnar samun sauƙin aljihu, suka manta kayan aro ba ya rufe katara. Daga nan zuwa yau masu kayan sun sake riga sau biyu, a 2013 da 2022, ga shi kuma ana shirin yanke musu hannu.

Firinta ta ƙi fitar da takarda, majinyaci na zaune yana tari, likitan da aka yarda ya rubuta magani mai haɗari ba shi da lambar sirrin da zai taɓa na'urar. Sai ya buga waya ofishin gyara ya shiga layi. Amma ranar da bayanan majinyata suka fita waje, shi doka ke kallo a matsayin wanda aka damƙa wa amana. Wannan wane irin rabo ne?

Masu kare tsarin na cewa tsaro sai an haɗa komai a hannu ɗaya. To, a hannu ɗayan ake lokacin da cutar kwamfuta ta WannaCry ta afka wa asibitocin unguwa 595 a watan Mayun 2017. Ranar 19 ga Yulin 2024 kuwa, kuskuren kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya durƙusar da EMIS, manhajar da likitoci ke adana bayanan majinyata a ciki, aka wayi gari likitoci na rubuta magani da biro, ba sa ganin tarihin wanda ke gabansu. Zaɓin manhaja da ake tutiya cewa likita na da shi ma holoƙo ne: manhajojin EMIS da SystmOne sun cinye kusan duk kasuwar Ingila, EMIS ɗin kuma kamfanin UnitedHealth na Amurka ya saye shi a 2023.

Kamata ya yi gwamnati ta gindaya sharuɗɗan tsaro, ta miƙa wa likitoci kuɗin su sayi kayansu. In kuma ta dage sai ta riƙe makulli, to ta karɓi laifin tare da shi, ta kuma faɗa wa likita lambar da zai kira ranar Litinin da safe.