Maganar sake GCSE a kwaleji, da iyayen da ke ɓoye sakamakon 'ya'yansu

Jama'a yau dai sai na amayar da maganar nan don ta daɗe tana cina. Duk shekara idan sakamakon GCSE ya fito, wato jarabawar da yara ke yi a ƙarshen sakandare suna 'yan 16, ranar Alhamis ɗin nan ta watan Agusta, sai ka ga iyaye a nan Ingila sun cika WhatsApp da hotuna, wannan ɗanta ya ci 8 da 9, waccan 'yarta ta share komai, masha Allah, Allah ya ƙara basira. Amma akwai gidajen da ranar tsit kake ji, ko waya ba a ɗauka, to su nake so in yi wa magana, don ni ma na taɓa shiga layinsu. Bambancin kawai ni ba 'yar 16 ba ce lokacin, shekarata 36 da yara uku.

Ga wanda bai san tsarin ba, tun 2017 aka fara sauya maki daga haruffa zuwa lambobi, 9 ne ƙololuwa 1 ne ƙasa, kuma 4 shi ne kamar C na da. In ba ka da 4 a Turanci da lissafi to ƙofofi da yawa a kulle suke, aikin koyarwa ba ya yiwuwa sai da su, in firamare ce ma sai ka haɗa da kimiyya, aikin nas ma yawancin jami'o'i sai sun tambaya. Sannan tun 2014, bayan rahoton da Alison Wolf ta rubuta wa gwamnati a 2011, duk yaron da ke tsakanin 16 da 18 bai samu 4 ɗin ba dole ya ci gaba da karanta su a kwaleji ko yana so ko ba ya so, in ba haka ba kuɗin da gwamnati ke bai wa kwalejin a kansa ne zai taɓu. Mai 3 GCSE zai sake, mai 2 zuwa ƙasa ana iya sa shi Functional Skills, wata jarabawa daban ta Turanci da lissafin amfanin yau da kullum.

Ni aikin kula da tsofaffi nake, shekara da shekaru, na ce kai har yaushe, gara in nemi nas. Na duba sharuɗɗa sai ga lissafi ya tare hanya. Na je kwaleji na cike fom, ko sisi ban biya ba, don babba mai 19 zuwa sama da bai da 4 a waɗannan biyun kyauta ne in takardun zamansa sun cika sharaɗi, kuma wallahi mutanenmu da yawa ba su san haka ba. Aji na yamma, ran Talata shida zuwa tara, in taso daga aiki ƙafa a kumbure ko yunifom ban cire ba in zauna ana min bayanin x da y. Aka yi jarabawa, takarda uku, kowace awa ɗaya da rabi, ɗaya babu kalkuleta. Agusta ta zo na buɗe imel a cikin mota, 3. Na kifa kai a sitiyari na sha kukana na share fuska na shiga gida kamar ba komai.

Abin da ya cece ni malamar ajinmu ce, Allah ya saka mata. Ta sa aka nemo takardun da na rubuta, don kwaleji na iya nema daga hukumar jarabawa, muka zauna muka bi su shafi shafi. Kunya kamar in nutse. Duk tambayar da ta zo da dogon labari, wane ya sayi kaza ya raba da wane kashi uku da biyar, tsallake ta nake, shafukan ƙarshe fari fat. Ashe shekara guda na yi ina maimaita abin da na riga na iya saboda shi ke min daɗi, wanda ban iya ba kuwa ina kewaye shi kamar kashin kare a hanya. Maki 19 ya raba ni da 4. Ta ce akwai zama a Nuwamba amma ita ba ta ba ni shawara ba, na ji haushinta sosai ranar, amma na jira bazara ta gaba, kuma a nan na samu.

To a nan ra'ayina yake. Sake jarabawa ba laifi ba ne, sake ta ba tare da an canza komai ba shi ne ɓata lokaci. Zaman Nuwamba na Turanci da lissafi ne kawai, sakamako ya fito a Janairu, kuma yaro ya shiga kwaleji a Satumba, sati nawa ke nan? In maki biyu ko uku ya rasa to bismillah, abin na nan ɗanye a kansa. Amma wanda ya rasa 30 a ce ya je ya gwada sa'a, ai an ƙara masa faɗuwa ɗaya ce kawai a kan wadda yake ɗauke da ita. A 2024 cikin masu 17 zuwa sama da suka zauna lissafi a Ingila ko ɗaya cikin biyar bai kai ba wanda ya samu 4. Ranar takardarmu ta biyu akwai wani saurayi a teburin gefena, a layi ya ce min zamansa na huɗu ke nan, minti 20 da farawa ya ɗora kai a tebur har aka tashi. Wannan ba daƙiƙi ba ne, gyaran mota yake koyo kuma hannunsa na da kyau, zuciyarsa ce ta mutu da darasin. Ban ce a soke dokar ba, don wanda bai iya lissafin albashinsa ba kowa ma cutarsa zai yi, amma dai tara yara a babban zaure duk wata shida ba shi ne koyarwa ba.

Sai mu iyaye, namu ya fi ciwo. Wata ƙawata ta kira ni da dare murya ƙasa ƙasa, ta ce Yaya don girman Allah kar ki faɗa wa kowa, yaron nan 3 ya samu. Ashe wata biyu tana ce wa mutane A-level yake yi, wato karatun gaba da GCSE na shirin shiga jami'a. Na ce mata Maman yara, shi fa yana jin ki lokacin da kike wannan ƙaryar a waya, me kike so ya ɗauka? Ya gane kenan ya zama abin ɓoyewa. Sai kuma girman kan nan na dole sai ɗana ya yi takardar Higher. Lissafi hawa biyu ne, Foundation iyakarta 5, Higher ta kai 9 amma in ka zame da yawa a cikinta ba ka da komai, U za a rubuta maka. Yaron da 4 kawai yake nema ya wuce, mene ne na tura shi inda rabin tambayoyin bai taɓa gani ba don kawai kar a ce ya yi ta ƙasa? A satifiket ma lambar ake rubutawa.

Abu ɗaya da zan ce a kula, Functional Skills mataki na 2 wasu jami'o'i na karɓa a madadin GCSE wasu ba sa karɓa, wani lokacin ma a jami'a ɗaya kwas ya karɓa wani ya ƙi, don haka a tura musu imel a tambaya kafin a fara, a kuma adana amsar. Manya kuma akwai Access to Higher Education, kwas ɗin share fagen shiga jami'a, yawanci shekara ɗaya, shi na yi bayan lissafin, in ka ci bashin karatu na gwamnati, Advanced Learner Loan, don shi kuma ka kammala digirinka ana yafe abin da ya rage.

Yaron ƙawata dai ya koma Foundation, sai bazara zai zauna. Jiya ya zo ya karɓi kalkuleta ta da tsofaffin takardun da na yi ta gwaji da su, yana ta dariya wai Anti ashe ke ma kina tsallake tambayar labari. Na ce ɗauko kujera mu fara da su.