Barkwancinmu Na Neman Marubuci

Duk mai riƙe da waya a Garwa, Marwa ko Ngaundere, a Arewacin Kamaru, ya san ba mu rasa masu ban dariya ba. Samari na ɗaukar gajerun wasanni da Hausa da Fillanci, wani lokaci a gauraya da Faransanci, su saka a Facebook da TikTok, kafin magariba an tura har Kuseri da Injamena. Abin da ke damuna shi ne yadda ƙungiyoyin nan ke watsewa tun ba su yi ƙwari ba. Wasan farko ya sa mutane riƙe ciki, na biyu ya ɗan taɓa, daga nan sai maimaici: maigida marowaci, miji da aka kama yana waya da budurwa, baƙauye ya shigo birni. Sukan ɗora laifin a kan rashin kyamara ko rashin mai ɗaukar nauyi. A ganina marubuci ne babu, kuma ba zai samu ba sai mun yarda cewa rubuta barkwanci sana'a ce da ake biya.

Ku je inda ake ɗauka ku gani. An aro babbar riga, an shafa wa ɗaya hoda a gemu ya zama tsoho, mai waya ya tsaya. Sai wani ya ce, "Kai ka shigo da faɗa, ni zan ba ka amsa, sauran Allah ya kawo." Idan aka yi sa'a bakin ɗan wasan ya buɗe ranar, an samu abin sakawa. Idan aka tambayi yadda wasan zai ƙare, sai a kalli juna, a rufe da guje-guje ko duka. Duk wasan da ya ƙare da bin wani da sanda, to babu wanda ya zauna ya yi masa tunani.

Na san abin da za a ce. Dariyar Bahaushe a baki take, ba a takarda ba. 'Yan kama da 'yan gambara ba su taɓa riƙe biro ba, wasan Fulani da Barebari ko na jika da kaka ba a rubuta shi, kuma marigayi Rabilu Musa Ibro da zafinsa yake kawo magana. Gaskiya ne. Amma ɗan kama yana zagaya garuruwa da abu ɗaya, kowace kasuwa sabbin kunnuwa. Talabijin kuwa mutanen makon jiya su ne na wannan makon, kuma suna son sabon abu. Sannan baiwar da ke jikin mutum ɗaya tare da shi take tafiya. Ibro ya rasu a Disambar 2014, Jean Miché Kankan namu na Kamaru a 1997, kuma har yau tsofaffin wasanninsu ake komawa kallo. Shirin da aka gina a kan rubutu yana iya sauya ɗan wasa ya ci gaba.

Akwai misali kusa da gida. Mamane, ɗan Nijar, tun 2009 yake gabatar da ɗan gajeren sharhin barkwanci a rediyon RFI a kan wata ƙasa da ya ƙirƙira, Gondwana, mai shugaba wanda ba ya sauka. Ba a shekara da shekaru ana wannan da abin da ya zo baki. Zama ake yi a rubuta. Daga rubutun ya kafa kamfani, ya shirya majalisar 'yan barkwanci a tashar Canal+, inda 'yarmu Charlotte Ntamack ke zama tare da su Michel Gohou, ya kuma kafa bikin barkwanci na shekara-shekara a Abidjan. Alƙalami ne ya kai shi kujerar furodusa, kuma saboda ya zama furodusa wasu da dama suka samu aikin yi.

A Amurka haka tsanin yake. Matashi yakan fara da ɗaukar bayanai a ɗakin marubuta, inda mutane da yawa ke zagaye tebur suna gina labari ɗaya. Sai a ba shi kashi guda ya rubuta, 'yan wasa su karanta a bayyane, duk maganar da ba ta ba da dariya ba a soke ta a sake wata. A hankali ya hau, har ya zama shi ke da ta cewa a kan shirin baki ɗaya. Kuma sun san darajar kansu: a 2023 marubutan fim da talabijin sama da dubu goma sha ɗaya suka yi yajin aiki na kwana 148, a kan kuɗin da ake biyansu idan an sake nuna shiri, da yawan marubutan da dole a ɗauka, da batun ƙirƙirarriyar basira.

Ba ina cewa mu kwafi Amurka ba. Ɗakin marubutanmu yana iya zama tabarma a zaure, mutum uku da littafin makaranta. Kayan aikin ma a ƙofar gida suke. Ɗauki ɗan kasuwar da ke sayo kaya a Mubi da naira yana sayarwa da sefa, ɗansa ɗan makaranta na yi masa tafinta a gaban jami'in kwastan yana rage maganar uban don kada a kulle su. Marubuci zai tambayi kansa: me uban ke so, me yaron ke tsoro, yaushe uban zai gane ana sauya masa magana? Amsoshin nan kaɗai sun isa a yi wata uku ana kallo. Marubuci ne kuma ke tsare iyaka a garin da Bafillace da Bagiziga da Batupuri da Bahaushe, Musulmi da Kirista, ke cin kasuwa ɗaya, don maganar da ta suɓuce a gaban kyamara ba ta dawowa.

Saura batun kuɗi. Kamaru na da dokar haƙƙin mallaka tun Disambar 2000, kuma tun shekarar aka buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu, amma manyansu a Duwala da Yawunde suka tare, da Faransanci da Turanci. Mu a Arewa, Arewa24 da finafinan Kano suka cike mana gurbin. Masu shagunan da ke biyan talla a wasannin samarinmu, musamman da azumi, su riƙa tambayar wa ya rubuta. Furodusa ya ware kason marubuci kafin a kunna kyamara, ya sa sunansa a allo, a yi yarjejeniya a takarda ko da shafi ɗaya ce. Tashoshin CRTV, gidan rediyo da talabijin na gwamnatin Kamaru, na Garwa, Marwa da Ngaundere, da ke da shirye-shirye da harsunan gida, za su iya farawa da wasan rediyo na mako-mako, inda babu riga babu hoda, sai abin da aka rubuta.