Kumburi ake nuna mana da sunan ƙiba

Tun da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da sabon lissafin GDP, wato jimillar darajar kayayyaki da ayyukan da ƙasa ta samar a shekara, a watan Yulin 2025, wanda ya ce tattalin arzikin Najeriya ya kai sama da naira tiriliyan 372 a 2024, wasu suka ɗauki adadin suna yawo da shi kamar kofin gasa. Da ka yi ƙorafi sai a watso maka tiriliyan. Abin da ke ba ni haushi shi ne, da yawa daga masu wannan murna sun san abin da adadin yake nufi, sun dai yi fatan mai sauraro bai sani ba ne.

Ɗauki masana'antar da ta ƙera kujera dubu bara, ta sayar da kowace a kan 100. Bana ma kujera dubu ta ƙera, da ma'aikatan nan da injinan nan, amma kowace ta koma 130. A littafin akanta kuɗi ya tashi daga 100,000 zuwa 130,000. Ko ƙafar kujera ɗaya ba a ƙara ba. In aka tara irin wannan littafi na duk faɗin ƙasa, abin da za a samu shi ne GDP na farashin yau, kuma shi ake yi mana kirari da shi. Don haka ne masu ƙididdiga ke zaɓar shekara guda, wadda ake kira shekarar ma'auni, su daskarar da farashinta, su auna kayan kowace shekara da wannan farashin, domin a ga ko kayan ne suka ƙaru ko kuɗin ne ya lalace. Da aka yi wa 2024 wannan tankaɗe, bunƙasar da ta rage ba ta kai kashi 4 cikin ɗari ba, a ƙasar da yawan jama'arta ke ƙaruwa da sama da kashi 2 duk shekara.

Mun taɓa yin wannan biki na sabunta lissafi. A 2014 aka matsar da shekarar ma'auni daga 1990 zuwa 2010, aka shigar da harkar wayar salula da finafinai yadda ya kamata, sai GDP ya yi tsalle da kusan kashi 89, ya kai wajen dala biliyan 510, Najeriya ta wuce Afirka ta Kudu dare ɗaya. A lokacin adadin na naira bai fi tiriliyan 80 da 'yan kai ba. Na 2024 ya ninka fiye da sau huɗu, amma in aka juya shi zuwa dala bai kai rabin na wancan lokacin ba. Wanne daga cikin biyun masu tiriliyan suke so mu riƙe?

Masu cewa sabunta shekarar ma'auni maguɗi ne kawai su ma ba su yi nazari ba. Ghana ta yi nata a 2010 lissafinta ya ƙaru da kusan kashi 60, kuma ana ba ƙasashe shawarar su riƙa yi duk bayan shekara biyar. An dai ƙirga abin da da ma yana nan ba a ƙirga shi ba. Sai dai ƙirga dukiyar da aka manta da ita ba ya sa kowa ya fi jiya arziki.

Inda hankalina ya fi karkata shi ne ma'aunin farashin kansa, wanda kusan babu mai kallonsa. Bunƙasa ta haƙiƙa ragowa ce: a cire hauhawar farashi daga ƙaruwar kuɗi, abin da ya saura shi ne ita. Ke nan duk wanda ya rage hauhawar farashi da maki ɗaya a takarda ya ƙara wa bunƙasa maki ɗaya, ba tare da ya gina komai ba. Ajantina ta gwada. Daga 2007 gwamnati ta sa hannu a aikin hukumar ƙididdigarta, alƙaluman hauhawar farashi suka riƙa fitowa ƙasa da abin da kowa ke gani a aljihunsa, har Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya tsawata mata a hukumance a Fabrairun 2013, karo na farko da ya yi wa wata ƙasa haka saboda alƙaluma. Sai a 2016 aka janye tsawatarwar.

Ban ce haka ake yi a nan ba. Amma a farkon 2025, da aka sabunta ma'aunin farashin kayan masarufi, hauhawar da take kashi 34.8 a Disamba ta koma kashi 24.48 a Janairu. Mudun ne aka canza, kayan kuwa suna nan da tsadarsu. Duk da haka mun ji masu jera adadin biyu kusa da juna suna cewa an karya tsada da maki goma cikin wata guda. Wanda ya faɗi haka ko dai bai fahimta ba, ko kuma ya raina wa mutane hankali, kuma na fi zargin na biyun.

Ga wani tarko ma da ba a cika faɗa ba. Ma'aunin da ake tace GDP da shi yana kallon abin da ƙasa ta samar, har da wanda take fitarwa waje, ba ya kallon abin da ta shigo da shi. A ƙasa mai sayar da ɗanyen mai tana sayen kaya daga waje, wannan ma'auni da abin da magidanci ke biya suna iya kama hanya daban-daban shekara da shekaru.

Ya kamata Hukumar Ƙididdiga ta riƙa wallafa tsohon lissafi da sabo gefe da gefe na tsawon lokaci, yadda kowa zai iya kwatantawa. 'Yan jarida kuma, duk jami'in da ya ambaci tiriliyan a gabansu, su tambaye shi da farashin wace shekara ya auna, kuma nawa ne rabon mutum ɗaya.